Kyan Launi, Karkataccen Kai

Duk wanda ya shiga zangon ƙarshe a makarantar nan, tunani ɗaya ne ke hana shi barci: idan na karɓi difloma, me zan kama? Wasu sun ce POS, wasu kiwon kaji, wasu gyaran waya. A bana kuma na fara jin wata sabuwa a bakin samari, wai kiwon macizan ado. Ana ganin bidiyonsu a TikTok, a ji farashinsu da dala, sai a ce ai kuɗi na nan zube. Ina so in yi magana kan nau'i ɗaya daga cikinsu, domin abin da na karanto a kansa ya shafi duk mai niyyar cin abinci da rayuwar wata halitta.

Wani abokina ne ya jawo ni cikin lamarin. Mai kiwon tattabaru ne tun yana firamare, kuma hannunsa na da albarka. Muna cikin mota daga PZ za mu Samaru ya miƙo min waya. Wani dillali ne daga Kudu ya turo masa bidiyon mesa, ruwan ɗorawa shar, da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an zana da alƙalami. Sai dai kanta yana rawa, tana ɗaga shi sama ta murɗe wuya, har ta kife ta kasa juyowa da wuri. Na ce masa, “Malam, wannan fa ba ta da lafiya.” Ya yi dariya ya ce, “Haba ɗan uwa, mai ita ya ce salonta ne, haka irinsu suke wasa.” To, dillalin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Haka irinsu suke. Amma ba wasa ba ne.

Asalin wannan mesa daga Ostireliya da tsibirin Niyu Gini take. Masana na kiranta Morelia spilota, Turawa kuma sun laƙaba mata sunan kafet saboda zanen jikinta. Ba ta da dafi, matse abinci take yi, kuma babba takan kai mita 2 zuwa 3. A nan sai a yi hattara, domin kububuwarmu, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, ita ma da kalmar kafet Turawa ke kiranta. Ita ce ke cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe. Suna ne kawai ya haɗa su, kada wani ya karanta rabin bayani a intanet ya je ya sa hannu a ramin gona.

A 1994 wani mai kiwo a ƙasar Nowe ya samu ɗa guda mai launi na daban a cikin ƙyanƙyasarsa. Aka sa wa launin suna jaguwa, aka dinga haɗa shi da wasu, har ya bazu Turai da Amurka. Matsalar ita ce ƙwayar gadon da ke kawo kyan launin ita ce dai ke kawo rawar kan. Tare suke tafiya, ba a raba su. Wata mesar ciwon nata kaɗan ne, sai ta firgita ko ta ga abinci yake bayyana. Wata kuwa ko ɓera ta kai wa sara sai ta kuskure, ta sari iska. Wadda ba ta iya kama abinci da kyau, ina za ta yi girma yadda ya kamata?

Ga inda darasin Mendel da muka haddace don jarrabawa ya zama gaske. Idan aka haɗa jaguwa da jaguwa, kashi 1 cikin 4 na 'ya'yan za su gaji ƙwayar daga uwa da uba duka. Waɗannan fari fat suke fitowa, kuma ba sa rayuwa: ko su mutu a cikin ƙwai, ko jim kaɗan bayan ƙyanƙyashewa. Ke nan a ƙwai 20, lissafi ya nuna kimanin 5 an riga an yanke musu hukunci tun ranar da mai kiwo ya zaɓi iyayensu.

Kada a ce wannan labarin Turawa ne. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ta fi kowace farin jini a kasuwar macizan ado, 'yar yankinmu ce ta Afirka ta Yamma, kuma daga Togo da Gana da Benin ake fitar da ita da yawa. Ita ma an samar mata wani launi da ake kira gizo-gizo, mai irin wannan rawar kai. Wani bincike da aka wallafa daga Jamus a 2022 ya gano cewa sashen cikin kunnenta, wanda ke riƙe daidaiton jiki, a tawaye yake. Ka tuna yadda jiri ke yi maka idan zazzaɓi ya kama ka, sannan ka ƙaddara haka za ka rayu shekara 20. A Ingila har wata ƙungiyar masu kiwon irin waɗannan dabbobi ta hana sayar da ita a wuraren baje kolinta a 2018.

Ba gado kaɗai ke karkata kan maciji ba. Zafi mai yawa na lalata masa ƙwaƙwalwa, don jikinsa ba ya daidaita zafinsa da kansa. Ka ɗauki akwatin gilas a ɗakin kwano a watan Afrilu a Zariya, ga wuta an ɗauke, ai tanda ka haɗa. Lokacin hunturu kuma sanyi ya hana shi narkar da abinci. Fiya-fiyar da muke yayyafawa don sauro guba ce ga jijiyoyinsa. Akwai kuma ƙwayoyin cuta masu taɓa ƙwaƙwalwar mesa waɗanda har yau ba su da magani. Mai kallo da ido ba zai bambance waɗannan ba, sai likita. Mu dai mun yi sa'a, ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta a Samaru, tafiyar mota ɗaya.

Sai batun girma. Ɗan mesar yakan fito bai kai rabin mita ba, ana ba shi abinci kamar sau ɗaya a mako, yana saɓa a kai a kai. Idan ya girma, sai a rage zuwa bayan mako biyu ko fiye. Amma mai gaggawar riba yakan ɗura masa abinci don ya isa haihuwa da wuri, ƙarshenta kitse ya rufe hanta, ran ya gajarta. Wannan kam mun san shi. Wa bai taɓa ganin kazar gidan gona 'yar mako 6 ba, ƙirji ya cika, ƙafa ta kasa ɗaukarta, tana ja da ciki zuwa wurin ruwa?

Ni ba na adawa da zaɓen iri. A Shika, nan bayan Samaru, masana na NAPRI sun shafe shekaru suna aiki har suka fitar da kazar Shika Brown, mai ƙwai kuma mai jure yanayinmu. Wancan zaɓe ne don dabba ta rayu da kyau, manomi ya amfana. Wannan kuwa zaɓe ne don ido, dabbar ce ke biyan kuɗin da lafiyarta. Bahaushe ya ce kyan ɗan maciji, a gani a bari. Ashe maganar ta fi yadda muke ɗaukarta faɗi.

Saboda haka, 'yan uwana ɗalibai, wanda zai shiga kowane irin kiwo, ya yi wa mai sayarwa tambayoyi kafin ya tura ko sisi. Su waye iyayen dabbar nan? Me wannan launi ko wannan saurin girma ke tafe da shi? Idan mesa ce, ina takardarta, tunda cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES? Sannan ya tambayi kansa ko zai iya riƙe ta shekara 20, ranar da wuta da ranar da babu. Tun muna Islamiyya aka ba mu labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, mun kuma san makomarta. Duk abin da ka kulle a keji, amana ce a wuyanka. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya sa mu fita lafiya.