Ziyarar Hunturu a Kanya Babba

Motarmu ta bar Kano bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari har direba bai kashe fitila ba sai da hantsi ya ɗaga. Ƙarshen watan Disamba ne, makarantun boko sun yi hutu, kuma kusan kowa a cikin motar yana rungume da tsaraba: wannan da burodi, wancan da bargo a leda, wata dattijuwa da 'yan rigunan sanyi na gwanjo da ta ce na jikokinta ne. Ni Kanya Babba na nufa, gidan yayata, don in ga 'ya'yanta da idona. Muryoyinsu kam ina ji a waya, amma murya ba ta gaya maka yaro ya rame ko ya yi tsawo.

Hanyar ta bi ta Kunya, ta shiga Jigawa, ta ratsa Kanya Babba zuwa Babura, daga nan ta miƙe har Babban Mutum a bakin iyakar Nijar. Gonaki duk an kwashe. Sai karan dawa a tsaye jefi-jefi, da harawar wake da aka ɗora a kan bishiyoyi don kada dabbobi su kai gare ta, da shanun Fulani suna kiwo a sauran abin da manomi ya bari. Ƙurar da ta hana mu hangen nesa daga arewa maso gabas take zuwa, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma ita ce ke busar da leɓe ta fasa dunduniya daga nan har bakin teku.

Kanya Babba tana cikin ƙaramar hukumar Babura, ƙarƙashin masarautar Ringim, ko da yake mutanen wannan kusurwa ta jihar suna cuɗanya da Kazaure da Roni da Gwiwa ta aure da kasuwa. Da yawa daga waɗanda ba su taɓa zuwa garin ba sun san sunansa ne saboda makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke can. A lokacin da na isa babu ɗalibai, sun tafi gidajensu, garin ya koma na masu shi.

Yaran ne suka fara hango ni. "Ga Kawu! Inna, ga Kawu ya zo!" Kafin in gama sallama an karɓe jakata, ƙaramar cikinsu kuma ta laɓe a bayan zanen uwarta tana leƙe na, don ita ba ta san ni ba sai a hoto. Yayata ta shimfiɗa tabarma a inda rana ke bugawa, aka kawo koko da ƙosai, muka shiga gaisuwa. "Ya sanyi?" "Lokacinsa ne, Yaya." Ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko jariri ba.

Wanda bai zauna a ƙauye da hunturu ba zai ɗauka lokacin wahala ne kawai. Akwai wahalar: mura, tari, kaushi, yara suna gudun wanka. Amma shi ne kuma lokacin da rumbu ke cike. An sayar da riɗi da zoɓo da gyaɗa, kuɗi ya shigo hannu, shi ya sa bukukuwan aure ke yawaita, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito fage, matasa su shirya kalankuwa. Mutanen wannan yanki ma suna kasa kunne ga gasar takobin kokawa ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, kuma sau da yawa a irin wannan lokaci ake yin ta. Na tarar da samari a bakin wani shago sun kewaye rediyo suna gardama a kan gwanayen Damagaram da na Maraɗi kamar 'yan unguwarsu ne. Ban yi mamaki ba, domin Magarya ta fi musu kusa da Dutse, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a tsallaken iyaka.

Da dare aka hura wuta a tsakar gida, aka zuba gyaɗa a toka. A nan babbar 'yar yayata, wadda ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ta kawo mini wayar babanta ta nuna mini wani bidiyo: gari fari fat da ƙanƙara, bishiya an yi mata ado da fitilu, yara suna buɗe kyaututtuka.

"Kawu, su Turawa sallarsu kullum da sanyi take zuwa?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsa guda. Na ce mata Kirsimeti ana yin ta ranar 25 ga Disamba a yawancin ƙasashe, kuma tunda da kalandar rana ake lissafa ta, ba ta matsawa daga lokacinta. A Turai da Amurka takan faɗo a tsakiyar sanyi, amma a Afirka ta Kudu da Ostareliya tsakiyar zafi ne, har wasu a bakin teku suke yin ta. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke tasu. Kuma ba sai ta duba nesa ba: a Kano, idan Disamba ta raba, manyan motoci cike suke fita daga Sabon Gari da 'yan kabilar Ibo masu tafiya gida, a Wusasa ta Zariya kuwa akwai Hausawa Kiristoci da ke yin bikin da waƙoƙi cikin harshen da ni da ita muke magana da shi.

Ƙanenta ya ce shi dai kyautar yake son ji. Na gaya masa cewa a Holan yara suna samun tasu ne a daren 5 ga Disamba, a Sifen kuma 6 ga Janairu. A Sin, idan sabuwar shekararsu ta zo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, manya sukan sa kuɗi a jan ambulan su miƙa wa yara, kamar yadda ake ba su goron sallah a nan. Kuma saboda wannan biki ma'aikata ke barin birane su koma garuruwansu, tafiyar da ake cewa babu irinta a duniya wajen yawan jama'a a kowace shekara. Al'adar da ta fi burge yayata ita ce ta Iran. A daren da ya fi kowane dare tsawo, wajen 21 ga Disamba, iyali sukan taru a gidan babba, a ci rumman da kankana, a karanta baitocin Hafiz, a yi hira har dare ya raba. Yalda suke kiran daren. Yayata ta ce, "To ai wannan hirarmu ce ta gidan Kaka." Gaskiya ta faɗa. Mu ma a irin wannan dare, a bakin irin wannan wuta, muka ji labarin Gizo da Ƙoƙi.

Namu bukukuwan na addini da wata suke tafiya, suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Shi ya sa dattawa ke tuna azumin hunturu na wajejen 1998 da 1999, lokacin da yini gajere ne, ƙishirwa ba ta damun kowa, sai dai alwalar asuba ta gwada imanin mutum. Yaran da ke gabana ba su taɓa ganin sallah a tsakiyar Disamba ba, amma in Allah ya ja kwana za su gani nan da 'yan shekaru.

Ina cikin wannan bayani na lura da abin da ke damuna tun isowata. Yaran da na ƙirga a bakin wuta ba su cika ba. Ɗan yayata na uku ba ya nan. Bayan an gama girbi mahaifinsa ya haɗa shi da wani malami, sun tafi Kano karatun allo.

Wannan shi ne bambancin da ya tsaya mini a rai. A yawancin ƙasashen da na lissafa, sanyi ne ke tattaro yara gida. A ƙauyukanmu sau da yawa shi ke watsa su. Da zarar an kai amfani rumbu, magidanta da samari su kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas ko Fatakwal, su yi dako, su yi acaba, su sayar da shayi, sai an ga hadarin farko su dawo. Ƙananan kuma a bi da su makarantun allo na nesa. Tsarin yana da asali mai ma'ana: rani ba aikin gona, yaro ya je ya nemi Alƙur'ani, damina ya dawo ya taya noma. Ni kaina ina girmama karatun tsangaya, na san alarammomin da ya haifar. Amma a da garin da almajiri ya sauka shi ke ɗaukar nauyinsa, kowane gida da kwanon da ake ajiye masa. Yau birni ya cika, hatsi ya yi tsada, kuma yaro ɗan shekara takwas yana kwana a zaure da riga ɗaya a watan da babba ma ke neman bargo biyu. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashe almajirai a motoci sun mayar da su jihohinsu, a 2023 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, abin da ya fi saurin isa ga yaro guda shi ne ɗan uwansa da ya san inda yake kwana.

Na tambayi yayata ko tana jin labarinsa. Ta ce malamin yana da waya, ranar Juma'a wani lokaci yakan ba shi su gaisa. "Kullum cewa yake lafiya lau. Ai ka san ba zai ce komai ba a gaban malam." Ta juya gyaɗar da ke cikin toka, ba ta ƙara ba.

Washegari na zaga gari gaishe-gaishe. Wajen mai cajin waya, wanda ya kafa faifan sola a kan rumfarsa, na ga yadda zumuncin yanzu ke gudana. Mata suna aiko yara da wayoyi, a yi caji, a buɗe WhatsApp, a saurari saƙon murya daga miji ko ɗa da ke kudu. Saƙon murya ya yi wa mutanenmu rana ƙwarai, domin ba ya buƙatar iya karatu ko rubutu. Kusa da shi mai POS yana biyan kuɗin da 'yan cin rani suka turo. Wani dattijo da muka zauna tare ya tuna mini yadda abin yake kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001: a nemi malamin makaranta ya rubuta wasiƙa, a ba direba, ko a ɗauki murya a kaset a aika wa ɗan uwa da ke Makka, ko a tura gaisuwa Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna a zauna jiran a ji an ambaci sunan garinsu. Turawa ma da takarda suka fara. Katin gaisuwar Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa a Ingila ya fito ne a 1843.

Ba na raina waya. Ita ta sa 'yar yayata ke turo mini tambayoyin lissafi da dare, ita ta sa na san ranar da ƙaramar ta fara tafiya. Sai dai duk wayoyin gidan na manya ne, yaro kuwa abin da aka ba shi dama ya faɗa shi yake faɗa. Da na zauna da babbar a gindin dalbejiya, ba kowa kusa, sai ga maganar da ba ta taɓa fitowa a waya ba: tana son ta ci gaba zuwa babbar sakandare, tana son aikin jinya, ta ji akwai makarantar koyon aikin a Babura, amma tana tsoron kada a ce kuɗi babu. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take sun san irin wannan zama suke nufi. Da yamma na sami mijin yayata a ƙofar gida, muka yi maganar a tsanake. Mutum ne mai sauƙin kai, abin da ya dame shi kuɗin rajista da na littattafai ne, muka raba nauyin a tsakaninmu.

A dawowa na biyo ta Kazaure don in gaida wata gwaggonmu. Bayan shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Babura mai rairayi, duwatsun Kazaure sukan zo wa mutum ba zato, ga ruwan dam a gefen gari, masu lambu suna ta ban ruwa a cikin sanyin. Ban daɗe ba, domin akwai saƙo a jakata: ƙullin ƙuli-ƙuli, garin kunu, man kaɗanya a 'yar kwalba, da rigar sanyi da yayata ta saya a kasuwa ta ce in kai wa ɗanta hannu da hannu.

Na sami makarantar allon a wata unguwa da ke bayan gari a Kano, da kwatancen da malamin ya yi mini ta waya. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kira yaron. Ya zo da allonsa a hannu, ƙafafunsa sun yi fari da kaushi, ya durƙusa ya ce, "Kawu, ina wuni." Karatunsa ya yi nisa fiye da yadda na zata, na kuma gaya wa malamin haka. Na roƙi alfarma a riƙa barinsa ya zo gidana duk Alhamis da yamma, tunda ba karatu, ya yi wanka, a wanke masa kaya, ya ci abinci tare da 'ya'yana, in mayar da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Malam ya ce ba komai, da ma iyaye da dangi suna yin haka da ya fi kowa farin ciki, don yara sun yi masa yawa.

Kafin in tafi na ja yaron gefe, na kira Kanya Babba, na miƙa masa wayar na matsa nesa. Sun daɗe suna magana da uwarsa. Da ya dawo mini da ita ya ce Inna ta ce in duba ko rigar ta yi masa daidai. Ta ɗan yi masa yawa a hannu, muka naɗe, muka kuma yi alkawarin zan zo ɗaukarsa ranar Alhamis bayan la'asar.