Yadda Na Nemo Takardar Sakin Yayata

Saura mako uku a ɗaura wa yayata aure, limamin unguwarmu ya aiko cewa yana son ganin takardar saki. Wani ne ya tare shi bayan sallar isha'i ya ce masa matar da ake shirin aurarwa akwai igiyar wani a kanta. Da muka bi sawun maganar, sai ga ta ta fito daga gidan tsohon mijinta. Cewa yake yi saki ɗaya ya yi mata, ya kuma mayar da ita kafin ta gama idda, ita ce ta ƙi komawa ɗakinta. Shekara 11 bai aiko mata ko mudun gero ba, amma ranar da ya ji an kawo sadaki sai ya tuna yana da mata.

Yaya ta ce ƙarya yake yi, a gaban alƙali aka raba su, ta biya shi sadakinsa, aka ba ta takarda mai hatimi. Muka tambayi inda takardar take. Inna ta sunkuyar da kai. A cikin leda ta ajiye ta tare da katunan asibiti da takardun makarantar yara, a ƙarƙashin katifa, wata damina rufi ya yi yoyo, takardun suka manne suka zama dunƙule, aka zubar.

Da yake ni ne ɗan jaridar gidan, kowa ya juyo ya dube ni. Ni kuwa, duk da shekarun da na yi ina ɗauko rahoto daga kotuna, ban taɓa tambayar inda fayil yake kwana ba bayan alƙali ya rufe shi.

Abin da ya sa irin sakin yake da muhimmanci

Mai karatu zai iya cewa ai saki saki ne. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu suke hukunci da shi, rabuwar aure iri-iri ce, kuma kowace da abin da yake biyo bayanta. Idan miji ya yi saki ɗaya ko biyu, yana da damar yin kome matuƙar matar ba ta gama idda ba, wato tsarki uku ga mai jinin al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, ko haihuwa ga mai ciki. Kafa shaidu a kan kome abin so ne a mazhabar, rashinsu ba ya ɓata shi. Ta wannan ƙofa tsohon mijin Yaya yake son shigowa, domin abin da mutum ya ce ya furta shekara 11 da suka wuce yana da wuyar ƙaryatawa.

Khul'i kuwa daban yake. Mace ce take fansar kanta da dukiya, galibi ta mayar da sadaki, kuma da zarar ya auku babu kome a cikinsa. In suna son juna sai da sabon ɗaurin aure, da sabon sadaki, da yardarta. Haka ma sakin da alƙali ya yanke saboda cutarwa. Amma wanda alƙali ya yanke saboda miji ya kasa ciyarwa, mijin yana iya mayar da ita a cikin idda idan ya sami abin da zai riƙe ta.

Don haka maganarmu duka ta rataya a kan kalma ɗaya da muhuti ya rubuta a cikin wani kundi. Idan khul'i ce, zancen kome ya faɗi. Idan ba mu samo ta ba, sai dai a buɗe sabuwar shari'a, a nemo shaidu, alhali Baba, wanda ya tsaya mata a matsayin waliyyi, ya riga mu gidan gaskiya.

Wace kotu, wace shekara

Darasi na farko da na koya shi ne babu wani ofishi guda a Kano, ko a Najeriya, da za ka je ka faɗi sunan mutum a danna kwamfuta a gaya maka ko yana da aure ko an raba. Bayanin kowace shari'a yana nan a kotun da ta yanke ta. Kotunan kuwa hawa-hawa ne. Akwai kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa, inda yawancin ƙararrakin aure suke farawa, sai babbar kotun shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin duba al'amuran aure da saki da riƙon yara da gado. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli. Sunayen ma sun sha sauyawa: kotunan alƙalai da suke ƙarƙashin sarakuna sun koma kotunan yanki a 1968, sannan bayan 2000 Kano da wasu jihohin Arewa suka mayar da su kotunan shari'a. A Abuja da Kwara har yanzu kotunan yanki ake ce musu.

Wanda kuma ya yi auren rajista, hanyarsa daban ce. Dokar rabuwar aure ta 1970 ta ce Babbar Kotu ce kaɗai take raba irin wannan aure, a bisa hujjar cewa ya lalace ba zai gyaru ba. A ƙa'ida ba a shigar da ƙarar kafin auren ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, kuma hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake tabbata. Mai neman irin wannan takarda, ta biyun zai nema.

Yaya ta tuna kotun, amma ba ta tuna lambar ƙara ba, shekarar ma tana kokwanto. Inna ce ta warware mana. Ta ce ranar da suka dawo daga kotu gari yana cikin makokin Sarki Ado, kuma ba a daɗe ba aka ga watan azumi. Alhaji Ado Bayero ya rasu ranar 6 ga Yuni, 2014, azumin shekarar kuma ya kama a ƙarshen watan. Lissafin tsohuwar da ba ta duba kalanda ya taƙaita mana bincike zuwa mako uku.

Ɗakin fayil

Na rubuta takardar neman kwafin hukunci, Yaya ta sa hannu, domin mai shari'ar ko lauyanta ne suke da haƙƙin nema. Na kai wa magatakardan kotu, na biya kuɗin da aka yanka, na tsaya sai da aka ba ni rasit. Ya duba sunayen, ya ce alƙalin wancan lokaci an daɗe da sauya masa wurin aiki, muhutinsa ya yi ritaya, kuma tsofaffin fayil an kwashe su zuwa wani ɗaki a baya lokacin da aka yi gyaran gini. Ya ce in dawo jibi. Na dawo jibi, aka ce mai makulli ya tafi jana'iza. Na sake dawowa, aka ce an duba ba a gani ba, cikin irin muryar da take nuna cewa da an ga na goro da an ƙara dubawa.

Wani dattijon masinja ne, da yake zaune a kan benci yana jan carbi, ya yafito ni.

"Yaro, ba ta fayil ake farawa ba. Ka ce a ɗauko maka rajistar ƙararraki ta shekarar. Nan ake rubuta kowace ƙara ranar da ta shigo. In ka sami lamba, ka sami fayil."

"Baba, za su ba ni kuwa?"

"Ba za su ba ka ka tafi da ita ba. Amma za ka tsaya a duba a gabanka."

Haka aka yi. Littafi ne dogo mai baƙin bango, gara ta ci gefensa. Muka bi watan Mayu da yatsa, layi bayan layi, sunayen mata a jere: neman saki, neman ciyarwa, neman riƙon yara, neman kayan ɗaki. A shafi na huɗu na ga sunan Yaya da na mahaifinmu, da lamba a gefe. Da lambar aka buɗe ɗakin bayan. Fayil ne ɗauri-ɗauri, an ɗaure da igiyar leda, daga ƙasa har kusa da rufi, ƙurar hunturu ta shekaru ta lulluɓe su. Sai da la'asar ta yi muka zaro namu.

A tsaye a wannan ɗaki na tuna cewa bayanan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas, waɗanda aka rubuta da Larabci a 1913 da 1914, sun tsira har masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wasu ya buga a littafi a 1994. Na kuma tuna watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da aka fasa Babbar Kotun jiha a Sakatariyar Audu Bako aka yi awon gaba da takardun shari'a. Kundi yana iya shekara ɗari, yana kuma iya salwanta a yini ɗaya, gwargwadon hannun da ya faɗa.

Abin da na karanta

Kafin a buga kwafin, magatakarda ya bar ni na karanta, don in tabbatar shi ne. Rubutun hannu ne da Hausar boko, da nassoshin fiƙihu da Larabci a tsakani. Daga shafukan nan na ga dukan hanyar da mace take bi.

Ta je da ƙafarta, ba lauya, ta faɗi kukanta aka rubuta, ta biya kuɗin ƙara. Aka aika wa mijin sammaci. A zaman farko alƙali bai taɓa maganar saki ba, ya ɗage shari'ar ya ce a je a nemi sulhu, mutum ɗaya daga danginta, ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni. Sulhu ya ƙi. Ta ce yana dukanta, ya musa. Alƙali ya nemi shaidu, kuma ko da yake Malikiyya suna karɓar shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta a kan cutarwa, babu maƙwabcin da ya yarda ya zo. Da ta kafa hujja, da an raba auren ba ta biya ko kwabo ba. Da ta rasa, sai ta zaɓi khul'i. Aka yanka N30,000, daidai sadakinta, Baba ya ƙirga a gaban kotu. Alƙali ya yi musu i'izari, wato ya tambayi kowa ko yana da sauran magana, mijin ya ce babu, ya furta sakin, ya sa hannu. Aka bar mata riƙon yaran, ciyarwa a kansa. Ga kalmar nan a rubuce sau uku: khul'i.

Sai dai akwai abin da ban zo nema ba. A shafi na biyu Yaya ta lissafa wa alƙali ranakun da aka doke ta, har da daren da ta kwana a soro da goyon wata biyar. A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun aikin jarida, ina koyon yadda ake sauraron wanda ba a saurara. Na tuna ta taɓa kirana tana kuka, na ce mata: "Yaya, ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne." Na faɗa ne don in koma kan littafina. Abin da ta kasa samun mai ji a gidanmu, wani muhuti da bai san ta ba ya zauna ya rubuta shi kalma bayan kalma.

Waɗanda ba su da ko fayil

Yaya tana cikin masu sa'a, domin rabuwarta ta bi ta kotu. Mata da yawa a baki ake sakinsu, a tsakar gida ko a waya, ko a 'yar takardar da aka yago daga littafin yaro. Sakin ya auku a shari'a, amma ranar da aka yi musu, nauyin kafa hujja a kan matar yake. Gardamar ba a sabon aure kaɗai take tasowa ba. Idan mijin ya mutu, za a tambaya ko ta gama idda kafin rasuwarsa, domin a kan amsar ne za a san ko za ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko tana da tumunin gado.

Shawarata ga wadda aka saka a gida ita ce ta nemi a rubuta, da kwanan wata, da adadin sakin, da sa hannun shaidu biyu. In ya ƙi, ta je kotu ta nemi a tabbatar da sakin tun shaidu suna raye. Hisbah, wadda dokar jiha ta kafa hukumarta a 2003, tana yin sulhu, amma raba aure aikin alƙali ne. Wadda ba ta da halin ɗaukar lauya tana iya tuntuɓar hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Wadda kuma ta riga ta karɓi takarda, ta haddace lambar ƙara da shekara da sunan kotu kamar lambar wayarta, ta ɗauki hoton takardar, ta ajiye kwafi a gida fiye da ɗaya.

Kwana 19 bayan aiken liman na kawo kwafin, kowane shafi da hatimi da sa hannun magatakarda. Liman ya karanta, ya ninke, ya ce a sanar da mutane Asabar bayan azahar. Daga gidan tsohon mijin ba mu sake jin ko tari ba.

Da daddare na kai wa Yaya takardar a ɗakin Inna. Ta juya shafukan ba ta karanta ba, sannan ta ɗago.

"Ka karanta duka?"

"Na karanta, Yaya. Ki yafe mini."

Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Sai ta miƙo mini takardar ta ce gobe in je bakin kasuwa a yi mata kwafi uku a manne su da leda, ɗaya nata, ɗaya na Inna, ɗaya in riƙe a wurina, tunda yanzu na san abin da yake ciki.