Daga Shikago zuwa bakin teku: kuɗin mayar da motar haya

Wanda ya ari jakin maƙwabcinsa ya kai hatsi kasuwa ya san ba a barin jakin a can. Sai an mayar da shi gida. In mai aron ba zai koma ba, dole ya nemi yaro ya kora jakin, ya ba shi ladansa. Haka abin yake ga motar haya a ƙasar Amurka. Amma matafiya da yawa ba su sanin haka sai ranar biya.

Hanya mai lamba 66

A Amurka akwai wata tsohuwar hanyar mota da ake kira hanya mai lamba 66. An kafa ta a shekarar 1926. Ta taso daga birnin Shikago, ta nufi yamma, ta ƙare a Santa Monika, kusa da Los Anjeles, a bakin tekun Pasifik. Tsawonta kilomita 3940 ne. Wato ta fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau huɗu. Ta ratsa jihohi takwas.

Manoma suna da tarihi a kan wannan hanya. A shekarun 1930 an yi babban fari a jihohin Okalahoma da Kansas da Tekzas. Kafin farin an nome ciyawar daji da garma, ƙasa ba ta da abin da zai riƙe ta. Da ruwa ya ɗauke, sai iska ta kwashe ƙasar gonaki. Dubban iyalai suka ɗaure kayansu a kan tsofaffin motoci, suka bi wannan hanya zuwa Kalifoniya neman ƙodago a gonakin wasu. Wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 a Nijar ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan tashi.

A 1985 gwamnati ta cire hanyar daga jerin manyan hanyoyin ƙasa, domin an gina sababbi masu faɗi. Yanzu masu yawon buɗe ido ne suke binta. Suna zuwa daga ƙasashe da yawa. Da yawansu suna sauka Shikago a jirgin sama, su ɗauki motar haya, su yi kamar mako biyu a hanya.

Abin da matafiyi yake gani

Da an fita Shikago, sai gonakin masara da na waken soya, iyakar ganin ido. Wannan ita ce jihar Ilinoi. A birnin Sen Luwis ake ƙetare babban kogin Misisipi. A Kansas hanyar ba ta daɗe ba, kilomita 21 kawai ta yi.

Okalahoma ƙasar shanu ce, mai jar ƙasa. A babban birninta akwai kasuwar shanu tun 1910. A Tekzas kuma fili ne shimfiɗe, itace kaɗan, iska da yawa. Can ne, a ƙaramin garin Adiriyan, aka kafa allo mai nuna tsakiyar hanya.

Daga nan ƙasa tana ƙara bushewa. A Sabuwar Meziko da Arizona akwai jajayen duwatsu. Mutanen Nabaho, waɗanda suke can tun kafin zuwan Turawa, suna kiwon tumaki, suna saƙa barguna da gashinsu. Garin Filagistaf yana kan tudu mai tsawon fiye da mita 2000, ƙanƙara tana sauka a can lokacin ɗari. A ƙauyen Otman jakuna ne suke yawo a tsakiyar titi, ba su da mai su. Jikokin jakunan masu haƙar zinariya ne, waɗanda aka saki da aikin ya ƙare. Mota ce take tsaya musu.

Bayan an ƙetare kogin Kolorado sai hamadar Mohabe, inda zafi yakan wuce digiri 45 a tsakiyar shekara. Daga nan sai teku. A nan tafiya ta ƙare. Amma motar tana nesa da inda aka ɗauko ta.

Wa zai mayar da motar?

Hayar mota a can ba kamar shatar mota a tasha ba ce. Ba a ba da direba. Kamfani yana ba mutum mabuɗi, shi ne zai tuƙa. Ana biya bisa yawan kwanaki. In ya mayar da motar inda ya ɗauke ta, babu kuɗin mayarwa. In ya bar ta a wani gari, sai a ƙara masa wasu kuɗi dabam. Su ne kuɗin mayar da mota.

Dalilin a fili yake. Motar da aka bari a Los Anjeles, in ba a sami wani mai haya da zai nufi gabas da ita ba, sai kamfani ya ɗauki direba, ko ya ɗora ta a babbar mota. Akwai ladan direba, akwai mai, akwai kwanakin da motar ba ta kawo ko tamma. Duk a wuyan matafiyi ake ɗora su.

Kuɗin ba su da tsayayyen farashi. Suna bin nisan hanya, da irin motar, da lokacin shekara, da kamfanin. Tsakanin garuruwa na kusa, kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Daga Shikago zuwa Los Anjeles kuwa, sukan kai dolar ɗari da yawa. A lura, dolar Amurka ba dalar tamma biyar ba ce. Dolar ɗaya ta fi dala ɗari. In an ce dolar 500, misali, to kuɗin sun wuce jika 250. Wannan kuwa kafin a yi maganar mai, da abinci, da wurin kwana.

Inda kuɗin suke ɓuya

A talla, kuɗin kwana ɗaya ake nunawa da manyan baƙaƙe. Kuɗin mayarwa sai a ƙarshen lissafi suke fitowa. Wasu kamfanoni ba su rubuta su dabam, sai su tura su cikin kuɗin kwana. Mutum ya ga kamar babu, alhali ya biya.

Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ya ce zai mayar da mota Shikago, sa'an nan ya bar ta wani gari bai faɗa ba. Tun ranar ɗauka kamfani ya riƙe lambar katinsa na banki. Zai cire kuɗin da kansa, yakan haɗa da tara.

Ƙetare iyakar ƙasa ya fi tsada. A Turai, wanda ya ɗauki mota a Faransa ya bar ta a Isbaniya yakan biya fiye da wanda ya bar ta a wani garin Faransa. Motar tana da lamba da takardun ƙasarta, can za a mayar da ita.

Motoci ma suna bin lokaci

Makiyayi ya san da damina dabbobi suna hawa arewa, da rani su gangaro kudu. Motocin haya ma haka suke. Lokacin ɗari mutanen arewacin Amurka suna gudun sanyi, su tafi jihar Fulorida mai ɗumi. Kamfanoni suna tara motoci a can. Wajen watan Afrilu da Mayu baƙi sun watse, motoci sun yi yawa. A lokacin kamfani ne yake neman mai fitar da su. Sai ya karya farashi ga duk wanda zai nufi arewa. A Ostareliya da Niyu Zilan har akan ba da mota a kan dolar ɗaya a kwana, muddin mutum zai kai ta garin da kamfani yake so cikin ƴan kwanakin da aka yanka masa.

Ke nan wanda ya bi inda kamfani yake son motarsa ta je, ya sami sauƙi. Wanda ya bi inda kowa yake bi, ya biya da tsada.

Abin da mai hankali yake yi kafin ya sa hannu

1. Ya faɗi garin ɗauka da garin ajiyewa tun farko.

2. Ya nemi a rubuta masa jimlar kuɗi gaba ɗaya, har da na mayarwa da na asiransi.

3. Ya tambayi kamfani uku ko huɗu. Ya tambayi farashin gabas zuwa yamma, da na yamma zuwa gabas, domin ba kullum suke daidai ba.

4. Ya yi lissafin komowa. Mayar da mota Shikago da kansa wata kilomita 3940 ce, da mainta, da kwanakinta. Sau da yawa biyan kuɗin mayarwa ya fi sauƙi. Wani kuma yakan shiga jirgin ƙasa, wanda yake yin kusan kwana biyu tsakanin biranen biyu, ya sauka a Arizona, ya ɗauki mota ya zagaya, ya mayar da ita inda ya ɗauka.

5. Ya tuna wanda bai kai shekara 25 ba yakan biya ƙari, kuma motar da aka karɓa cike da mai, cike ake mayar da ita.

A gida ma lissafin ɗaya ne

Amurka tana da nisa, amma manomin Galmi ya san wannan lissafi. Babbar motar da ta ɗauki albasa zuwa Kumasi ko Abijan, mai ita yana tunanin komowa tun kafin ta tashi. In yana da kayan da zai ɗauko daga can, ciniki yakan yi sauƙi. In wayam za ta komo, mai albasa ne zai biya.

Haka wanda zai yi shatar mota ya kai raguna kasuwa, ko ya kai maras lafiya asibitin Maraɗi. Kafin a ɗora kaya, a gaban shaidu, ya tambayi direba: kuɗin nan na zuwa ne kawai, ko har da na komowa? Matambayi ba ya ɓata. In an riga an kai, ciniki ya fita hannunsa.