Daren da batir ya mutu mini a Ibadan

Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman masu riƙe da mota, ko taku ce ko ta aro.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da ya samu gurbin karatu a nan bana. Yana da sikila. Ranar da za mu taho, mahaifiyarsa ta biyo mu har tasha, ta ce min, "Ga ƙaninka nan, amana na ba ka." Na ce mata in sha Allahu ba komai. Ɗaki ɗaya muke a wajen makaranta.

A lokacin jarrabawa kawuna da ke kasuwanci a Bodija ya tafi gida, ya bar min Corolla ɗinsa na kula da ita. Kun san yadda wuta take. Kwana uku ba a kawo ba, sai na mayar da motar ɗakin karatu. In shiga da daddare, in kunna fitilar ciki, in saka waya a caji, wani lokacin har rediyo. Injin a kashe, don ina tsoron ƙona masa mai. Ni a tunanina dabara nake yi.

Daren Laraba wajen ƙarfe biyu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, yaron nan ya tashe ni. "Yaya, ƙafafuna. Yaya, ƙirjina." Wanda ya taɓa zama da mai sikila ya san in aka ce ciwo ya hau ƙirji ba a jiran gari ya waye. Na goya shi zuwa mota, na kwantar da shi a baya, na murɗa makulli.

Kat-kat-kat-kat.

Na sake murɗawa. Fitilun gaban direba suka yi dishi-dishi suka ɗauke. Wallahi sai da na ji cikina ya juya, don nan take na san ni na jawo.

Na fito cikin ruwa na rasa inda zan nufa. Babu keke, babu ɗan acaɓa. Na buga wa mutum huɗu waya, ba wanda ya ɗauka. Na yi tunanin turi, sai na tuna motar otomatik ce, ko unguwa guda ta taru ta tura ba za ta tashi ba. Turi sai mai giyar hannu.

Ƙofa ɗaya ce ta rage, ta maƙwabcinmu, wani Bayarabe da ke digiri na biyu. Wata biyu ba ma gaisawa, saboda rigimar kuɗin famfon ruwa, har na faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Na tsaya a bakin ƙofarsa ina jin nauyi, sai na jiyo nishin yaron daga cikin mota. Na buga.

Bai tambaye ni komai ba bayan na yi masa bayani. Ya koma ciki ya fito da wani ɗan abu baƙi, bai fi girman ƙaramin littafi ba, da gajerun wayoyi biyu masu baki irin na kada, ja da baƙi. Busta ake ce masa. Daga baya ya gaya min tun yana da mota ya saya, da aka cire tallafin mai a 2023 ya sayar da motar, ya bar wannan yana cajin waya da shi.

Ya ce in buɗe bonet in haska masa. Saboda rawar jiki na fizgi wayoyin zan maƙala da kaina, na sa ja a inda baƙi ya kamata. Abin ya hau ƙara yana nuna jar wuta. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan uwa, nutsu." Allah ya taimaka nasa yana da kariya. Da irin doguwar wayar nan ce da ake haɗa mota da mota, da na iya ƙona fis ko abin da ya fi fis tsada.

Ya gyara, amma koriyar wuta ta ƙi kamawa. Ashe kan batir ɗin ya yi wani farin gari, bakin wayar bai kama ƙarfe ba. Ya kankare da makullin ɗakinsa, ya sake maƙalawa. Koriya ta kawo. Ya ce, "Tayar." Murɗawa ɗaya motar ta ɗauka. Ban taɓa jin ƙarar inji ta yi min daɗi irin na daren nan ba.

Ya shiga baya ya riƙe yaron har asibiti. Aka saka masa ruwa da iskar numfashi, aka ba shi maganin ciwo. Kwana biyar ya yi aka sallame shi. Yanzu haka yana gefena yana cin indomi yana cewa in rubuta cewa shi bai yi kuka ba. Ya yi.

Ga abin da na koya a hannun maƙwabcina da kuma rewayan da ya duba motar washegari, ko zai amfani wani.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. In ya cika, awo yana nuna wajen 12.6. Ba shi da wani mai cika shi sai altaneta, ita kuma sai inji na aiki. Duk abin da ka kunna inji a kashe, daga jikin batir kake ci.

In ka murɗa ka ji kat-kat fitilu suna dushewa, yawanci batir ne ko kansa ya saki. In kuma injin yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, matsalar a wani wuri take, busta ba zai yi maka komai ba.

Wajen haɗawa, kashe komai tukun, fitila da rediyo da esi. Ja a kan mai alamar +, baƙi a kan mai alamar − ko a jikin ƙarfen inji marar fenti. Kada bakunan biyu su taɓa juna. Kada ka danne makulli fiye da 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta tashi ba, ka dakata minti ɗaya ko biyu ka sake. Da ta tashi ka cire baƙi, sannan ja, ka bar injin yana aiki ko ka yi tafiyar kamar rabin awa. In ka ga batir ya kumbura ko yana yoyo, kada ka haɗa masa komai. Shi kansa bustan yana son caji lokaci-lokaci, kuma ba a barinsa cikin motar da ke shan rana, irin batirin waya ne a cikinsa.

Da kawu ya dawo na gaya masa gaskiya. Ya yi faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa, don sai da aka canza batirin, dama ya tsufa ni kuma na ƙarasa shi. Mahaifiyar yaron kuwa har yau ba ta san motar ta ƙi tashi ba. In ta kira tana sa min albarka sai in ji kunya ta kama ni.

Maƙwabcina na je har ɗakinsa na ba shi haƙuri kan maganar famfo. Ya yi dariya ya ce shi ya ma manta. Na san bai manta ba, kara ya yi min. Da Sallah na kawo masa kilishi da dambun nama.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa: cikin kuɗin da muke tarawa na walimar ƙarshen shekara, a cire a sayi busta ɗaya a ajiye wurin wanda wayarsa ba ta kwana a kashe. A kuma rubuta lambobin masu mota a cikinmu, da sunayen masu sikila ko asma in sun yarda, kowa ya san wa zai kira. Mu nan ba mu da uwa ba mu da uba a kusa, kuma daga Ibadan zuwa Kano tafiyar yini guda ce.

A makarantarku ya kuke yi in wani ya kwanta ciwo da tsakar dare? Ku faɗa mana a ƙasa, mu koya daga juna.