Tsallen Gugguru: Abin da Wasan Ɓeran Masar Yake Faɗa

A Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Baure ta ƙasar Daura, rabon kiwo a gida sananne ne. Uba da tumakinsa, uwa da awakinta da kajinta, yaro kuwa da tantabaru ko zomaye, wani lokaci ɓeran Masar. A cikin ukun nan na ƙarshen ya fi ba da dariya, kuma shi ne wanda mutuwarsa ta fi zuwa wa mai shi ba zato. Wanda ya iya karanta wasansa yakan tsere wa wannan baƙin ciki.

Sunansa ma abin dariya ne. Ba shi da haɗi da Masar, kamar yadda masara da gwandar Masar ba su da shi: dukansu daga nahiyar Amurka suka fito. Mutanen tsaunukan Andes, inda Peru da Bolibiya da Ekwado suke a yau, su suka fara kiwonsa shekaru dubbai da suka wuce, kuma har gobe nama ne a wurinsu. A ƙarni na 16 jiragen ruwa suka kai shi Turai. Ingilishi suka jingina shi da Gini, Faransawa da Indiya, Bahaushe da Masar. Kowa dai ya laƙaba masa sunan wata ƙasa mai nisa ya huta.

Wasansa mafi shahara tsalle ne. Yana cikin tafiya, sai ya zabura sama da ƙafafu huɗu, ya murɗa jiki, ya karkaɗa kai, ya faɗo yana fuskantar wani gefen, ya tsaya kamar shi ma abin ya ba shi mamaki. Masu kiwonsa a ƙasashen Turawa suna kamanta wannan da yadda ƙwayar masara take fashewa a tukunyar gugguru. Yaron da bai taɓa gani ba yakan ɗauka farfaɗiya ce. Alhali murna ce: an zuba sabuwar ciyawa, ko an share akurki, ko an sake shi ya sami fili. 'Ya'yan sun fi yawan yinsa, domin bayan ciki na kimanin kwana 59 zuwa 72, ana haifarsu da gashi, idanu a buɗe, kuma cikin sa'o'i kaɗan sun fara yawo.

Sai kuma surutu. Yana da fito mai tsini da yake yi wa mai ba shi abinci. Da ya ji ƙarar leda ko takun da ya saba da shi, sai gida ya ɗauka. Namiji in yana neman mace, ko yana nuna wa ɗan'uwansa isa, yakan yi gurnani ƙasa-ƙasa yana rangaji da ƙugu, tafiyar ƙasaita irin ta wanda ya sha rawani ranar hawan Sallah. In kuwa ya shiga kaɗa haƙora, faɗa ne a kusa, a raba su.

Amma wannan dabba abincin wasu ce tun fil azal. Inuwar shirwa kaɗai takan sa ya daskare wuri ɗaya, ko ƙyaftawa ba ya yi. Dabbar da ake farauta tana ɓoye ciwonta, domin mai rauni ake fara ɗauka. Saboda haka ɓeran Masar ba ya nuna rashin lafiya sai ta ci ƙarfinsa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shi kuwa labarin jikinsa a tambayi wasansa. Ranar da ya daina tsalle, ya daina fito, ya koma lungu, an riga an yi wa mai shi gargaɗi.

Abubuwa uku suka fi kashe wasan a ƙasa irin ta Daura. Na farko zafi. Ɗan tsaunuka ne, ba ya gumi, kuma ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. A bazara, lokacin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, akurkin kwano a tsakar gida tanda ne. Maganinsa ɗakin ƙasa mai iska, da yashi mai laima irin na gindin randa, da ruwan sha da ba ya yankewa.

Na biyu abinci. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C da kansa. Wannan ne ya sa a 1907 likitoci biyu a Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, da suka ciyar da shi tsabar hatsi kawai, suka ga ya kamu da ciwon nan mai sa dasashi zubar jini da gaɓoɓi kumburi, wanda ya daɗe yana hallaka matuƙan jiragen ruwa. Yaron da yake ba nasa dusa da busasshiyar harawa kaɗai tsawon rani yana maimaita gwajinsu ne bai sani ba. Ɗanyen ganye kullum, da ɗan tattasai ko gwaba, su ke tsare shi. Ciyawa mai yawa kuma ita ke rage haƙoransa, waɗanda ba sa daina tsiro.

Na uku kaɗaici. Dabbar taro ce, shi ya sa tun 2008 dokar Suwizalan ta hana a ajiye shi shi kaɗai. Mata biyu sukan zauna lafiya, ba tare da gida ya cika da 'ya'ya ba.

Ɓeran Masar yakan kai shekara biyar zuwa bakwai in ya sami kulawa. A tsawon wannan lokaci yaro yana koyon abin da kowane makiyayi na ƙwarai ya sani: duba dabba kafin ta kwanta, da lura da abin da ta daina yi. Iyaye za su kyauta in suka riƙa yi masa tambaya ɗaya kowace safiya, bayan ya kai ciyawa: yau sun yi tsalle kuwa?