Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Mu a Matazu ba mu da babban kogi. Kifin miyarmu banda ne, daga Baga ko Yawuri, ya sha kwana a kwali kafin ya iso. Uwata ta koya mani in karya kifi in duba cikinsa, ko da tsutsa. Yanzu kuwa wanda na ke tsoro shi ne kifin da ƙuda ya ƙi sauka a kansa, alhali ga ƙuda cike da kasuwa.

Gama waɗansu 'yan kasuwa sukan yayyafa wa banda fiya-fiya. Ƙwaro ya mutu, dafin kuwa ya shiga tsoka, wanki ba ya fid da shi duka, yaranmu su ci. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwa, amma ba a daina ba.

Ina jin tausayin mai kifi fa. Mutum ya zuba jarinsa, ƙwari su mai da shi gari! Amma da wata hanya. Masu binciken kifi, irin na Kainji, sun daɗe suna koyarwa: a feɗe kifi, a jiƙa shi a ruwan gishiri, sa'an nan a kyafe shi ya bushe ƙayau, ƙwari ba su cika damunsa ba. A Ghana kuma, a 1969, aka fito da murhun Chorkor, mai faifan waya jere bisa juna, itace kaɗan, kifi da yawa.

A gidana, wanda za a dafa nakan wanke shi da ruwan zafi da gishiri. Ragowar in rataye shi bisa murhu, inda hayaƙi ke dukansa kullum.