Alƙahira: Birnin Da Ƙafa Ke Kai Mutum Masallaci Da Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu leƙa birnin Alƙahira na ƙasar Masar, mu gwada shi da wasu birane da muka sani, domin mu ga inda talaka ya fi samun sauƙin zuwa masallaci da kasuwa ba tare da ya taɓa aljihunsa ba. Maganar ta shafi addini, gama ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Banu Salima sun so su ƙaura kusa da masallacin Madina, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su zauna a unguwarsu, saboda ana rubuta musu ladan sawunsu.

An kafa Alƙahira a shekarar 969, zamanin Faɗimiyyawa, aka gama ginin Masallacin Azhar a 972. Mun shiga tsohon birnin ta ƙofar arewa, watau Babul Futuhi, muka bi Titin Mu'izzu har Babu Zuwaila a kudu. Tsawonsa bai wuce kamar kilomita ɗaya ba, amma a cikin wannan ɗan taƙi mun wuce Masallacin Hakimu, da makaranta da asibitin da Sarki Kalawun ya gina wajen 1285, da Masallacin Mu'ayyadu wanda hasumiyoyinsa biyu ke bisa ƙofar kudun. Da mutum ya ɗan ratsa gabas sai ga kasuwar Hanul Halili, da Masallacin Husaini, da Azhar kanta. Tsakanin masu turare da maƙeran tagulla da masu sayar da littattafai, ladan zai kira salla, ɗan kasuwa ya ja labulen rumfarsa, kafin a tayar da iƙama yana cikin sahu.

Ba haka kawai birnin ya tashi ba. Sarakuna da attajiran da suka gina shi sun jingina shi bisa wakafi: a gina rumfuna da masaukin fatake, kuɗin hayarsu ya riƙe masallaci da makaranta. Har yanzu ana ganin gine-ginen da suke kira sabili, ƙasa wurin shan ruwa na sadaka ga mai wucewa, sama makarantar allo ta marayu. Kakanninmu ma sun san wannan hanya, domin tun cikin ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta a Masar saboda ɗalibansu da alhazansu, kuma an daɗe da keɓe wa Barebari zaurensu a Azhar.

Game da sauƙin rayuwa kuwa, abincin talakan Alƙahira gurasa ce da dafaffen wake da suke kira ful, sai kushari, watau shinkafa da taliya da adas a haɗe, kuma kusan kowane lungu da mai sayar da su. Gwamnati na tallafa wa gurasar 'yan ƙasa masu katin rabo. Ta yi fiye da shekara 30 a kan ƙirshi 5 kafin a mayar da ita ƙirshi 20 a 2024. Wanda tafiyarsa ta yi nisa sai ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, na farko a nahiyar Afirka.

Amma fa kada mai niyyar aika ɗansa karatu ya ɗauka ko'ina haka yake. Birnin da kewayensa sun haura mutum miliyan 20. Da yawa daga tsangayoyin Jami'ar Azhar suna Madinatu Nasar, inda tituna suke da faɗi, ƙetare su kuwa sai da addu'a. An karya darajar fam ɗin Masar a 2016 da kuma 2024, kaya suka yi tsada, sa'an nan kuɗin haya ya tashi bayan yaƙin Sudan na 2023 ya koro jama'a masu yawa. Sabon birnin mulki da aka sanar da gina shi a 2015, kamar kilomita 45 gabas, an tsara shi ne domin masu mota.

To, mu dubi Makka, Allah Ya ƙara mata daraja. Faɗaɗa Harami ya zama dole saboda yawan mahajjata, sai dai ya haɗiye tsofaffin unguwannin da ke kewaye, manyan masaukai suka maye gurbinsu. Yau kusanci da Ka'aba sai mai hali. Mai ƙaramin guzuri yakan sauka can Aziziyya ko ƙarshen Misfala, ya jira mota ko ya yi doguwar tafiya cikin rana. A gida kuma, ma'aikatanmu sun san halin Abuja tun da aka mayar da gwamnati can a 1991: ofis a tsakiyar gari, kwana a Nyanya ko Mararaba ko Kubwa, albashi na zurarewa wajen kuɗin mota, magariba na riskar mutum a cikin cunkoso. Alhali kuwa a cikin birnin Kano, daga Kasuwar Kurmi zuwa Babban Masallaci ƙafa ta isa, kamar dai yadda muka gani a Titin Mu'izzu.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan da Allah Ya ɗora wa tsara filaye, su tuna da mai tafiya a ƙasa: a bar masa gefen hanya, a dasa masa itatuwa, a keɓe filin masallaci da makaranta da 'yar kasuwa a kowace sabuwar unguwa. Attajirai kuma su raya sunnar wakafi, ko da rumfa biyu ce da famfon ruwa. Mai neman gidan haya shi ma ya lissafa kuɗin mota da jam'in da zai riƙa kuɓuce masa kafin ya ce gida ya yi araha.

Allah Ya sa sawunmu ya zama shaida a gare mu ranar gobe. Amin.